Attahiru Mai Rediyo da Akwatin Hamza

Rumfata ta ɗinki tana jikin ta Attahiru a bakin kasuwar Sabon Birni. Fallen kwano ne kawai ya raba mu, don haka duk abin da ya shiga rumfarsa ina jin sa ko da ban gan shi ba. Mun daɗe a haka, ni ina taka keke, shi yana murɗa rediyo.

Attahiru mutumin Gangara ne, ɗan manomi. Da noma ya tashi, kuma da ba don amalanken shanu da ya kife da shi yana saurayi ba, da a gona zai ƙare. Ƙafarsa ta hagu ta karye, aka ɗora ta, ba ta zauna daidai ba. Da mahaifinsa ya ga ba zai ƙara iya bin kunya da hauya ba, sai ya tura shi Maraɗi wajen wani ɗan'uwansu mai gyaran rediyo. Can ya koyi sana'a, can kuma ya kwaso kalmomin da har yau ba su bar bakinsa ba. Batir a wurinsa pil ne, amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, kuwa ampili.

Mutum ne marar yawan magana. Fulani su kawo masa rediyonsu a naɗe cikin rawani, ladanai su kawo lasifikar masallaci, mata su aiko da fitila. Ya karɓa, ya juya abin a hannu, ya kara a kunne, ya ce a dawo bayan la'asar. Da girma ya zo idonsa ya fara rauni, sai ya sayi tabarau a kasuwa. Da wannan ya gaza, ya sayi wani ya ɗora a kan na farko. Haka yake aiki, tabarau biyu a hanci, hayaƙin dalmar da yake liƙe wayoyi da ita yana shiga masa ido.

'Ya'yansa duk mata ne, sun yi aure. Wanda yake ɗauka kamar ɗansa shi ne Hamza, ɗan ƙanwarsa Hajjo. Hamza magidanci ne, yana da mata, Hafiza, da 'ya'ya biyu. Kabu-kabu yake yi da babur, amma ba da wannan aka san shi ba. An san shi da gitar bes, mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda sautinta ba a kunne yake tsayawa ba, a ƙirji ake jin sa. Yana cikin wata ƙungiyar samari da wani Jabir yake jagoranta, suna kiɗa a gidajen biki daga nan har Isa, wani lokaci har ƙetaren iyaka. Da hanya ta lalace saboda 'yan bindiga, sai kiɗan ya koma na rana: a fara bayan azahar, a tattara kaya tun rana ba ta yi ja ba.

Hamza yana da amfilifayarsa, wani baƙin akwati mai nauyi da ya sayo na hannu a Nijar, ƙyallen gabansa a yage. Wata safiya ya sauke shi daga bayan babur a gaban rumfar kawunsa, fuskarsa a murtuke.

"Kawu, abin ga ya kunyata ni jiya ga Isa."

"Mi yay yi?"

"Muna tsakiyar kiɗi, mata sun cika fili, sai shi ɗauke ɗif. Ina kaɗawa, babu komi. Na mare shi ga kai, sai shi dawo. Can kuma sai shi ƙara ɗaukewa. Har uwar amarya tat taso tana tambaya ko da gangan nika yi."

Attahiru ya ta da ƙaramin janaretansa, ya jona akwatin. Hamza ya soka gitar ya kaɗa. Sauti ya fito tas, har almakashina yana rawa a kan tebur. Ya kaɗa, ya kaɗa, babu abin da ya faru.

"Lahiya lau shike," in ji Attahiru.

"Wallahi Kawu jiya ba haka shike ba."

"Ban ƙaryata ka ba. Bari mu fara daga waya."

Ya lanƙwasa wayar da ke haɗa gita da akwati, ya bi ta da yatsa daga kai zuwa kai, ya ga wani wuri da ya yi laushi. Ya yanke, ya sake liƙewa. Hamza ya tafi da murna. Biki ɗaya ya yi lafiya, a na biyu ciwon ya dawo.

Daga nan aka shiga jeka-ka-dawo. Attahiru ya zargi ramin da ake soka wayar, ya wanke shi, ya matse bakin ƙarfen da ke ciki. Ya zargi abin murɗa ƙara, ya ɗiga masa fetur ya yi ta juyawa har ƙura ta fita. Ya buɗe gitar kanta ya sake ɗaure wayoyinta. Ya ce ko janaretan Jabir ne yake hawa da sauka, aka ari wani aka gwada. Kowane gyara sai ya yi kamar ya ci, Hamza ya zo ya yi godiya, bayan mako ɗaya ko biyu ya dawo da akwatin a bayan babur. A rumfa kuwa ko sau ɗaya abin bai taɓa ɗaukewa ba.

"Da ya mutu gaba ɗai da na huta," Attahiru ya ce mini ta saman kwano. "Abin da yam mutu mita tana nuna shi. Wanga kau in ya gan ni sai shi warke."

A ƙarshe ya yi abin da ban taɓa zaton zai yi ba. Da aka yi wani biki a cikin gari, ya rufe rumfa ya bi su Hamza. Dattijo mai furfura, da ɗingishinsa, ya je ya zauna a kan turmi a bayan akwatin, mata suna rawa suna leƙensa suna dariya. Bai ɗaga kai ya dubi kowa ba. Tafin hannunsa yana kan akwatin tun daga farkon kiɗa. Sai da aka daɗe, ƙarfen baya ya yi zafi, Hamza ya sauka kan tsirkiyar da ta fi kauri ya zauna a kanta, sannan sautin ya yi ƙarar tsagewa ya ɗauke. Kafin Attahiru ya ciro sukundireba daga aljihu, sautin ya dawo.

Washegari ya zo rumfa da fara'a.

"Na gan shi da idona," ya ce wa Hamza. "Abu biyu ne ka haɗuwa, zahi da girgiza. Akwai wata dalma da tat tsage ciki, tsagar da ido ba ya gani. In ya yi zahi ta buɗe, in ka bugi babbar tsirkiya ta rabu. Ka bar min shi, ka zaka da gitar, ka zauna nan ka yi ta kaɗawa har shi yi zahi, ni kau ina ciki da tsinke ina taɓawa. Ranar za mu kama shi."

"To Kawu, sai na dawo daga Unguwar Lalle. Muna da biki can gobe, Jabir ya aro wani akwati."

"Ku dawo da wuri."

"Da wuri za mu taso, in sha Allahu."

Ya bar akwatin a ƙarƙashin tebur, ya rataya gitar a baya, ya tafi.

Sun taso da wuri kamar yadda ya ce. Damina ce, gero ya yi tsawo a bakin hanya. Daga cikin geron 'yan bindiga suka fito. Jabir yana baya, ya jefar da babur ya faɗa gona, ya yi ta rarrafe har ya tsira. Hamza yana gaba. Aka kora shi daji tare da wasu matafiya, gitar tana rataye a bayansa.

Jabir da kansa ya zo rumfa ya faɗa, tufafinsa duk laka. Attahiru yana riƙe da rediyon wani Bafulatani. Ya ajiye shi a hankali, ya ce innalillahi, ya sake cewa, sannan ya tashi ya nufi gidan Hajjo. Sai da ya yi nisa na ga takalminsa ɗaya a ƙofar rumfa.

Abin da ya biyo baya kowa a ƙasar nan ya san shi. Aka kai rahoto inda ake kaiwa. Aka yi addu'a a masallatai. Aka jira waya. An san lambar Attahiru ce Hamza zai bayar, don haka wayar tana kan teburinsa kullum, a jone da caji, an jingine ta a inda sabis yake ɗan kamawa. In ta yi ƙara sai kasuwar gefenmu ta yi tsit. Sau da yawa mai rediyo ne yake tambayar kayansa. Da mutanen suka kira, suka faɗi kuɗin da suke so, aka sayar da babur ɗin Hamza da aka tsinto a bakin hanya, aka sayar da gonar Hajjo ta fadama, aka aika. Sai suka yi shiru. Lambar da suka kira da ita ta daina shiga.

Hajjo ta koma zuwa rumfa kowace safiya. Ba ta taɓa zama a kasuwa ba a rayuwarta, amma yanzu sai ta shimfiɗa ɗan buhu a gefen tebur, ta lulluɓe, ta zuba wa wayar ido.

"Yaya, ba su kira ba?"

"Ba su kira ba, Hajjo."

"Ko wayar ta lalace?"

"Lahiya lau take."

"Ka dai duba."

Sai ya ɗauka ya duba, ya nuna mata, ya mayar.

A cikin waɗannan kwanaki ne ya jawo akwatin daga ƙarƙashin tebur. Ya kwance bayansa, ya zaro fanel ɗin, allon da ƙananan kayan ciki suke liƙe a kai, ya kwantar a kan tsumma. Gita babu, don a duk garin Hamza kaɗai ke da irinta. Sai ya jona rediyo a ciki, ya bar labarai suna fita ta babbar sifikar akwatin, shi kuma yana bin kayan ciki da tsinken itace yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Ko gezau. Ya mayar da fanel, ya fitar da akwatin rana ya bar shi har ba a iya taɓa ƙarfensa, ya kunna. Lafiya lau. Ya sa aka tura masa kiɗan ganguna a waya, ya ƙure ƙara har maƙwabta suka yi magana. Lafiya lau.

Har gita ya yi ƙoƙarin haɗawa. Ya samo katako, ya ɗaure masa wayar birkin keke, ya naɗa siririyar waya a jikin maganaɗisun wata tsohuwar sifika ya kafa a ƙarƙashi. Da ya ja, abin ya yi wani kuka kamar na tsohon ƙyaure. Sauti ne, amma bai kai zurfin da zai girgiza akwatin ba. Hajjo ta ɗago ta dube shi, ta ce, "Yaya, don Allah bari." Ya cire, ya jingine katakon a bango.

Aikin mutane ya taru a rumfar. Fulani suka zo suka koma, wasu suka karɓe rediyonsu ba gyara. Na ce masa, "Malam Attahiru, ka ɗan ajiye akwatin nan ka sallami mutane mana."

"Za ni sallame su," ya ce, bai ɗago ba. Can kuma ya ƙara da cewa, "In ya dawo, mi za ni ce mai na yi?"

Ban sake yi masa maganar ba.

Wata rana ya kunna rediyo ta cikin akwatin ya tafi sallar azahar. Ni na riga na yi tawa, ina ɗinki. Ana cikin karanta sanarwa sai na ji ƙarar tsagewa, murya ta ɗauke. Janareta yana aiki, fitilar akwatin tana ci, amma shiru. Na yi tsalle na bar keke, na ruga masallaci, na same shi yana sa takalmi.

"Ya ɗauke! Yi sauri, ya ɗauke!"

Ban taɓa ganin Attahiru yana gudu ba sai ranar. Yana jan ƙafar, yana dafa rumfunan mutane, hularsa ta faɗi bai tsaya ba. Muna isowa kwanar layinmu muka ji muryar mai sanarwa tana tashi, sarai, kamar ba abin da ya faru.

Ya tsaya yana haki.

"Ka tabbata ya ɗauke?"

"Wallahi ya ɗauke."

"Ka taɓa shi? Wani ya bugi teburin? Mota ta wuce?"

"Ban lura ba. Ni dai na ji shiru na taho."

Ya shiga ya zauna a gaban akwatin. Ya cire tabarau na sama, ya cire na ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu. Hajjo tana gefe a kan buhunta, idonta a kan wayar. Ni ma na koma rumfata na zauna, ban iya taka keken ba.

Bayan wannan ya daina neman wurin. Ya yanke shawarar bin dalmar fanel ɗin gaba ɗaya, kowane ɗigo ya narkar ya sake zubawa. Ɗigon suna da yawa, ƙanana kamar ƙwayar gero, hannunsa kuma ya fara rawa. Yakan riƙe wuyan hannun dama da na hagu, ya kusantar da fuska har gemunsa yana ƙaurin wuta. Kaɗan yake yi a yini idon ya gaji. Wani lokaci dalma ta zarce ta haɗe layi biyu, ya kwashe ya sake. Haka ya yi ta yi har aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka fara roron wake.

A lokacin ne Hamza ya dawo. Ba wanda ya kira, ba wanda ya sanar. Wasu masu itace suka tsince shi a bakin wani ƙauye shi da mutum biyu, aka ɗoro su a mota. Na je gaishe shi a gidan Hajjo. Da ba a ce mini shi ne ba, da na wuce shi. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, ƙafafunsa a kumbure, ga zanen igiya a wuyan hannuwansa. Yatsu biyu na hannun hagu sun sandare, ba sa lanƙwasuwa. A asibiti aka ce jijiya ce ɗaurin ya taɓa, wataƙila ta farfaɗo, wataƙila a'a.

Ba ya son ba da labari, ba a kuma matsa masa ba. Na gitar kawai ya faɗa, shi ma Hafiza ya faɗa wa, ita ta gaya wa Hajjo. Da farko 'yan bindigar sun sa shi ya kaɗa musu. Da suka ji ba ta da ƙara in babu akwati, suka yi ta dariya, suka ce kayan banza ne. Suka cire tsirkiyoyin suka ɗana tarkon zomo da su, katakon kuma ya shiga wuta.

Da ya ɗan samu ƙarfi yakan zo rumfa ya zauna a kan benci. Akwatin yana kan tebur, an goge shi, Attahiru har sabon shuɗin ƙyalle ya karɓa a wurina ya rufe gabansa. Hamza yakan zauna ya ba shi baya. Attahiru ya yi ta jira Hamza ya tambaya, bai tambaya ba. Ran nan dai ya kasa haƙuri.

"Hamza, na bi dalmar duka. Babu ɗigon da ban taɓa ba."

Hamza bai juyo ba.

"Sai dai ban sani ba ko ya gyaru. Sai an samu gita an kaɗa, shi yi zahi. Ko za mu aika Maraɗi a aro muna wata? Ko babbar tsirkiya ɗai ka buga, ba sai ka danna ba."

Hamza ya dubi hannunsa na hagu da ke kan gwiwa.

"Kawu, bar shi."

"Ba wai ka koma kiɗi ba. Don dai mu sani."

"Don Allah Kawu, bar shi."

Attahiru ya ce to. Ya ɗauki wata fitila ya fara kwancewa, ko da yake na san tun jiya ya gama ta.

Ƙungiyar ta riga ta watse. Jabir ya tafi Sakkwato neman aiki, masu biki kuma sun daina kiran makaɗa, ɗaurin aure kawai ake yi a watse. Da sanyi ya shigo, wani ɗan'uwan Hafiza mai fataucin albasa ya samar wa Hamza aikin tsaron shago a Gidan Rumji, can cikin Nijar. Ya kwashe iyalinsa, Hajjo ma ta bi su. Ranar tafiya Hafiza ta zo rumfa ta durƙusa ta gaida Attahiru, ta ce Hamza ya ce a sayar da akwatin, ko me aka samu a ba Inna Hajjo.

Wanda ya saya Wada ne, mai tallar maganin gargajiya a kasuwanni. Attahiru bai ɓoye masa komai ba.

"Wanga ampili yana da ciwo. Yakan ɗauke shi dawo. Na yi aiki kansa, amma ban ga ciwon da idona ba, ban kuma san ko na kashe shi ba."

Wada ya soka makirfo, ya hura, ya yi sallama, muryarsa ta cika layin. Ya yi dariya ya ce shi wannan ya ishe shi.

Ranar kasuwa sai mu ji shi daga can wajen 'yan hatsi, yana lissafa cututtuka. Attahiru yakan dakata da aiki, ya karkata kai yana saurare. In Wada ya yi shiru don ya sha ruwa, sai in ga ya ɗago, ƙarfen dalma a hannu, har sai muryar ta ci gaba. Da yamma Wada yakan biyo ta gabanmu, Attahiru ya tambaye shi.

"Bai ɗauke ba?"

"Ko sau ɗai, Malam. Hannunka na da albarka."

"Murya ba ta girgiza shi," Attahiru yakan ce. "Wanga ba gwaji ba ne."

Daga baya Wada ya koma da zama Isa, ya tafi da akwatin, muka daina jin sa. Attahiru yana nan a rumfarsa. Idon ya ƙara ja baya, yanzu fitila da ƙananan rediyo kawai yake karɓa, babban aiki sai ya ce a kai wani wuri. Hamza yakan kira jefi-jefi, su gaisa, ya ce yatsun suna nan yadda suke.

Kwanan baya wani direba da ke bin hanyar Isa ya kawo gyaran fitila. Attahiru ya tambaye shi ko yana ganin Wada mai magani, ya ce yana ganinsa a bakin tasha.

"Akwatin nasa fa? Baƙi, mai shuɗin ƙyalle ga gaba. Ba ka taɓa jin ya ɗauke yana cikin magana ba?"

Direban ya dube shi, ya dube ni.

"Baba, ni dai na ji shi yana tallar maganin basir. Ban tsaya ba."

Attahiru ya gyaɗa kai, ya buɗe bayan fitilar, ya ce masa ya dawo bayan la'asar.